Bel Ɗin Kugu Ya Isa Maharbin Da Zai Hau Bishiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Mishigan ta Amurka. Abokan aikina sun gayyace ni farautar barewa a watan Nuwamba, sun ce a kan bishiya ake zama a yi kwanto. Ɗaya daga cikinsu ya ba ni tsohon dandamalinsa na ƙarfe, wanda ake kafawa a kan bishiya a zauna, da wani bel na kugu da ya daɗe yana amfani da shi. Ni kuwa da hawan mangwaro da tsamiya na tashi a garinmu, hawa ba baƙona ba ne. Bel ɗin ya isa, ko akwai abin da ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bel ɗin nan kada ka ɗaura shi ko sau ɗaya. Ka gode wa mai shi, don da zuciya ɗaya ya ba ka, amma kada ka hau ko'ina da shi.

Aikina shi ne koya wa masu hawa turakun sadarwa yadda za su hau su sauko lafiya, kuma ina farauta a jihar nan da kake, don haka na san irin bel ɗin. Shi maharba suka yi yayi a da, kafin a gane ɓarnarsa. Idan mutum ya faɗo yana ɗaure da shi, nauyin jiki gaba ɗaya a ciki da ƙugu yake sauka, jiki ya naɗe gida biyu. Daga nan ɗayan biyu: ko mutum ya juye kai ƙasa ya sulale ya fita daga cikinsa, ko bel ɗin ya zame sama ya maƙale a ƙarƙashin haƙarƙari ya matse ƙirji, numfashi ya gagara. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta hana amfani da bel ɗin kugu wajen tare faɗuwa a wuraren gini tun ranar 1 ga Janairun 1998. Abin da aka hana birkila da kafinta, ban ga dalilin da zai sa maharbin da yake shi kaɗai a daji ya dogara da shi ba.

Maganar mangwaro kuwa, ban raina ta ba, amma hawan nan daban ne. Wancan yaro ne mara nauyi, ƙafa ba takalmi, rana tsaka, ga rassa ko'ina da zai cafka in ya zame. Wannan kuwa magidanci ne cikin manyan takalma da safar hannu da riguna uku, zai hau miƙaƙƙen gangar bishiya mara reshe, cikin duhun asuba, a kan matakalar ƙarfe da raɓa ta daskare a kanta. Sannan zai zauna awa huɗu ko biyar bai motsa ba, sanyi ya sandarar da ƙafafunsa, barci na fizgarsa, sai kuma ya tashi ya ce zai sauko. Yawanci ana kafa dandamalin ne a tsayin ƙafa 15 zuwa 20, wato mita 4.5 zuwa 6. Wanda ya faɗo daga mita 6, daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗoriya ce tsakaninsa da ƙasa, kuma zai same ta da gudun kusan kilomita 39 a awa, kamar mai babur da ya daki katanga bai taka birki ba. Abin da ke karyewa shi ne ƙashin baya, ƙugu, dunduniya, wuya. Likitocin Jami'ar Jihar Ohayo sun bi bayanan maharban da aka kawo musu asibiti cikin shekara goma, suka buga sakamakon a 2010: rabin raunukan daga faɗuwa ne, kusan duka daga kan dandamalin bishiya, raunin harbi kuwa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Kowa bindiga yake tsoro, amma bishiya ta fi ta cika gadajen asibiti.

To me za ka saya? Mutane da yawa za su ce maka ɗamarar jiki, wadda masu aikinmu ke kira hanes, su tsaya nan. Gaskiya ne kana buƙatarta, zan kuma zo kanta. Sai dai ɗamara kaɗai ba ta tare kowa. Mafi yawan masu faɗowa ba a zaune suke faɗowa ba. Wajen hawa ne, ko wajen saukowa, ko a daidai takun nan guda ɗaya da mutum zai ɗaga ƙafa daga matakala ya ɗora a kan dandamali, ko ranar da ake kafa shi da ranar da ake cire shi. Wanda ya sa ɗamara mai tsada, ya hau da hannu da ƙafa kawai, sai da ya zauna sannan ya ɗaura kansa a bishiya, ya kare kansa ne a lokacin da haɗari ya fi ƙanƙanta, ya bar sauran a buɗe. Abin da kake nema a kasuwa shi ne kayan da za su sa ka kasance a haɗe da bishiya tun ƙafarka ba ta bar ƙasa ba, har ta dawo ta taka ƙasa.

Abin da ke yin wannan aiki shi ne doguwar igiya, ni uwar igiya nake ce mata. Tsawonta yawanci ƙafa 30, wato wajen mita 9. Ana ɗaure bakinta na sama a gangar bishiya, sama da inda kanka zai kai in ka miƙe tsaye a kan dandamali, ta sauko har gindi, a ɗaure ƙasan a ɗan ɗame don kada ta riƙa lilo. A jikinta akwai wata siririyar igiya da aka naɗa sau uku, ƙullin Prusik ke nan, sunan wani mai hawan duwatsu ɗan Ostiriya, Karl Prusik, wanda ya bayyana shi a 1931. In ka kama ƙullin da hannu ka tura, sai ya zame sama ko ƙasa ba gardama. In nauyi ya fizge shi farat ɗaya, sai ya shaƙe uwar igiyar ya tsaya cak. Kana isowa gindin bishiya ka maƙala igiyar bayan ɗamararka a ƙullin, ka taka biyu ka tura shi sama, ka taka biyu ka tura. Kullum ya kasance sama da kanka, kada ka hau ka bar shi a ƙugu, don duk tazarar da ka bari ita za ka faɗo kafin ya kama. Abu guda da nake nanata wa ɗalibai: in ka ji ka zame, kada ka damƙe ƙullin. Hannu da kansa yake son yin haka, amma ƙullin da ke cikin tafin hannu ba ya shaƙewa, tare za ku sulale. Ka tura shi daga ƙasansa da yatsu, ka sake shi, ka mayar da hannu kan matakala.

Irin wannan igiya a shirye ake sayar da ita a shagunan kayan farauta, da ƙullinta da ƙugiyarta, kuma yawanci ba ta kai dala 60 ba. Kowane dandamali da tasa, ba a cirewa daga wannan a kai wancan kowace safiya. Wasu na haɗa tasu da igiyar masu aikin ceto mai kaurin milimita 11 da siririya mai milimita 7 ko 8, domin dole siririyar ta fi uwar ƙanƙanta kafin ta kama. Wannan na wanda ya san igiya ne. Kai dai ka sayi haɗaɗɗiya. Igiyar roba shuɗiya ko rawaya da ake ɗaure kaya a bayan mota kuwa, ko kusa. Santsi gare ta, rana na cin ta, ba a kuma yi ta don ɗaukar mutum ba. Ranar da aka yi ruwa ya daskare, ka ja ƙullin da ƙarfi tun kana ƙasa ka ga ya kama, don igiyar da ƙanƙara ta lulluɓe tana iya ƙin riƙewa.

Za ka ce, to wa zai hau ya ɗaura uwar igiyar tun farko? Nan igiyar kugu ke shigowa, irin wadda ka saba gani a jikin ma'aikatan wutar lantarki a kan fal a gida. Tana fita daga madauki a ƙugun ɗamara na dama, ta zagaye bishiya, ta dawo na hagu. Ka jingina baya ta riƙe ka, hannuwanka biyu su sami sukunin ɗaura matakala da dandamali. Ka riƙa ɗaga ta tana sama da ƙugunka, kada ta yi ƙasa. Ka sani aikinta ta hana ka faɗawa baya ne, in ƙafafu biyu suka zame tana iya sulalewa da kai a jikin gangar, shi ya sa da ka kai sama abu na farko shi ne ɗaura uwar igiya ka maƙala kanka. In ka tarar da reshe a hanya, kada ka kwance don ka tsallake shi. Ka zagaya igiya ta biyu sama da reshen, ka maƙala, sannan ka kwance ta farko. Mutane da dama a daidai nan suka faɗo, cikin daƙiƙa biyar ɗin da suka ce ai yanzu zan mayar.

Yanzu ɗamarar kanta. Wadda kake nema ita ce mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi biyu, igiyarta na fitowa daga tsakanin kafaɗu ta baya. In ka faɗo, cinyoyi da ƙugu ne ke ɗaukar yawancin nauyin, kuma kai na sama. Kafin ka dubi launi ko yawan aljihu, ka nemo ƙyallen da aka ɗinka a cikinta ka karanta. Ka ga an rubuta cewa ta cika ƙa'idar TMA, wato ƙungiyar masu ƙera dandamalin bishiya, ko lambar gwajin ASTM F2337. Ka ga ranar da aka yi ta, domin yawancin kamfanoni shekara biyar suke ba ta, ko an sa ko ba a sa ba zare na tsufa. Ka ga nauyin da take ɗauka. Da yawa fam 300 ne, wato kilo 136, kuma lissafin ya haɗa da tufafi da takalma da duk abin da ke jikinka. In kana kusa da wannan iyaka, akwai masu ɗaukar fiye da haka, ka nemi su. Ɗamarar da ba ta da wannan ƙyalle, ko rubutun ya goge, ka bar ta a inda ka gan ta.

Tun 2004 kamfanonin da ke cikin TMA suke saka ɗamara kyauta a kwalin kowane sabon dandamali. Tana tare faɗuwa, ba ƙarya. Matsalarta, tarin maɗaurai ne da ke cukurkuɗewa, mutum ya tsaya a duhu da tocila a baki yana neman ina wuya ina ƙafa, har ya gaji ya wurga ta bayan mota ya ce yau ɗaya dai. Saboda haka ni na fi son mutum ya ƙara kuɗi ya sayi mai siffar falmaran, ko mara nauyi mai maɓallan da ke shiga da ƙara ɗaya. Kamfanoni irin su Hunter Safety System da Muddy da Summit duk suna yin su. Ba na tallar kowa. Wadda za ka iya sawa cikin minti ɗaya da safar hannu a hannunka, ita ce taka.

Ka je shago da kanka, ka tafi da rigunan sanyin da za ka sa ranar farauta, ka gwada. Maɗaurin cinya ya kama sosai, tafin hannu a shimfiɗe ya shiga ƙarƙashinsa amma dunƙulallen hannu ya ƙi shiga. Maza na yawan sassauta shi don jin daɗin zama, kuma sakakken maɗauri in ya fizgo sama, inda yake sauka ba sai na faɗa ba, raunin kuma na iya zama na har abada. Maɗaurin ƙirji ya tsaya a tsakiyar ƙirji, kada ya hau kusa da maƙogwaro. Ka fitar da makullai da wuƙa daga aljihun wando na gaba. Shawarata ka sa ɗamarar a kan rigunan ciki, babbar rigar sanyi ta hau kanta, igiyar ta fito ta wuya ko ta tsagar da wasu riguna ke da ita a baya. In ka ɗora ta a kan rigar mai kumburi, auduga za ta lotsa, abin da ka ɗaure tamau a mota ya zama sako-sako a sama. Sa ɗamarar a ciki kuma zai bar rigarka mai ruwan lemo a fili, wadda doka ta wajabta a lokacin farautar bindiga, 15 zuwa 30 ga Nuwamba.

Ka duba igiyar bayan da kyau, za ka ga wani wuri da aka ninka ta aka ɗinke. Ba kuskuren tela ba ne. An yi ɗinkin don ya farke a hankali lokacin faɗuwa, ya shanye ƙarfin fizgar kafin ta kai ƙashin bayanka. A ƙa'idar OSHA ƙarfin da zai sauka a jikin mutum kada ya wuce fam 1,800, wato kilonyutan 8, a Turai ma 6 suka yanke. In ka ga ɗinkin nan ya fara buɗewa, ɗamarar ta riga ta tare wani, ta gama aikinta. A yanka ta da almakashi kafin a zubar, don kada wani ya tsinta. Wannan ne ma dalilin da ba na yarda a sayi ɗamara ta hannu, don ba ka san inda ta kwana ba. Ruwan batir, fetur, zafin rana a bayan mota, duk suna cin zaren ba tare da ido ya gani ba.

Wasu 'yan'uwa masu aikin gini ko masana'anta sukan tambaye ni ko za su iya zuwa da ta wurin aiki. Ɗamarar kanta, in mai lambar ANSI Z359 ce ko EN 361, wato ƙa'idojin Amurka da na Turai, ƙaƙƙarfa ce, ba abin da za a ce. Igiyarta ce matsala. Igiyar wurin aiki mai ƙafa 6 da jakar shanye fizga tana buƙatar fili a ƙarƙashinka da ya kai wajen ƙafa 18 kafin ta gama tsayar da kai. A kan dandamali mai ƙafa 15, ka ga ƙasa za ta riga ta. Ko ta tare ka, za ka tsinci kanka kana reto can ƙasa da dandamali inda ba ka iya komawa. A bishiya gajeriyar igiya ake so. Akwai kuma masu farauta da ɗamarar hawan dutse, ko wani irin shimfiɗin zama da ake rataya da shi ta gaba ana fuskantar bishiya. Suna da hujjarsu, don wanda aka rataye ta gaba ya fi samun sauƙin kama bishiya ya ceci kansa. Amma yana son horo da sanin ƙulli, kuma mutum na iya juyewa kai ƙasa. Ba na shekarar farko ba ne.

Inda ka ɗaura igiyar a sama ya kai ingancin ɗamarar muhimmanci. Ka miƙe tsaye a kan dandamali, ka sa ƙullin ko maɗaurin bishiya, wato wanda ake zagaya gangar da shi a maƙala igiyar ɗamara, daidai idonka ko sama. Sannan ka zauna. In ka ji igiyar ta ɗan ja ka ta baya kaɗan, daidai ke nan. In ta yi lanƙwasa tana reto a bayanka, ka ƙara ɗagawa. Wanda ya yi haka, in barci ya kwashe shi ya ɓingire, tazarar da zai faɗo ba ta wuce kamu ɗaya ko biyu ba, gwiwarsa na daidai dandamali, sai ya dafa ya koma. Wanda ya ɗaura a daidai ƙugu don kada igiya ta dame shi wajen juyawa da bindiga, shi ne ke wucewa ƙasa da dandamali.

Ƙugiyar ƙarfen da ake maƙala igiya da ita kuwa, maganarta gajeriya ce. Ta zama mai makulli, ko na murɗawa ko mai kulle kansa, kuma a jikinta an buga lamba 20 ko fiye tare da haruffan kN, wato kilonyutan, ma'aunin ƙarfi. Wannan ƙarfin a tsayenta yake, in nauyi ya faɗa mata a kwance ya ragu zuwa wajen 7, don haka ka riƙa dubawa ba ta juya ba. Masu kama da ita da ake rataya makullai ko gorar ruwa ba na hawa ba ne, a jikin wasu ma an rubuta haka. A intanet akwai kaya masu arha da ba sunan kamfani ba adireshi, an buga musu lambobi kawai. Araha ba ta ado, balle a abin da zai riƙe ranka.

Saura abin da maharba suka fi mantawa, kuma shi ya fi damuna. Ka faɗo, ɗamara ta tare ka, alhamdu lillahi. Kana rataye, kai kaɗai, dandamali na sama da kanka. Daga nan fa? Mutumin da ke rataye a tsaye ƙafafu na reto, jini na taruwa a ƙafafunsa, don tsokar ƙafa ce ke tura jini ya koma zuciya, ga kuma maɗauran cinya sun matse jijiyoyi. Sai jiri, gumi, tashin zuciya, gani ya dushe, sai suma. Wanda ya suma a ƙasa faɗuwa yake yi ya kwanta, jini ya koma kai ya farfaɗo. Wanda ke cikin ɗamara ba shi da halin kwanciya. OSHA ta yi gargaɗi a 2004 cewa irin wannan ratayar na iya kai mutum ga suma har mutuwa cikin ƙasa da minti 30.

Maganinsa wani ɗan maɗauri ne da ke zuwa tare da ɗamara mai kyau, in babu shi kada ka saya. Likkafa nake ce masa, don aikinsa ke nan. Ka maƙala shi a madaukan ƙugu, ya sauko ya yi lanƙwasa, ka sa ƙafa ka miƙe tsaye a kansa. Nan take matsin cinya ya saki, tsoka ta yi aiki, jini ya zagaya. Ka tsaya, ka huta, ka sake tsayawa, kana tokara ƙafa a bishiya kana motsa su ba fasawa. Wannan ba ceto ba ne, lokaci yake saya maka. Ka daidaita tsawonsa da ƙafarka tun a gida, ka naɗe shi a aljihun ƙirji inda kowane hannu zai kai, don ba ka san wane hannu zai tsira ba. Waya da usur ma a nan za su zauna. Wayar da ke cikin jaka a rataye a reshe, ko a aljihun wando ƙarƙashin maɗaurin cinya, daidai take da wadda aka bari a gida. In ka kasa komawa dandamali ko matakala cikin 'yan mintuna, ka kira 911, lambar agajin gaggawa, kada kunya ta hana ka. Kada ka yanke igiya ka ce za ka rungumi bishiya ka sulale, hannuwan da suka yi sanyi ba sa riƙe nauyin mutum. Akwai na'urar da ake sawa tsakanin ɗamara da bishiya, in mutum ya faɗo ta sauke shi ƙasa a hankali. Ga mai jiki, ko wanda shekaru suka ja, ko mai farauta shi kaɗai, kuɗinta bai tafi a banza ba.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin Nuwamba ka sami wata Asabar da rana, kai da abokin nan naka, ku kafa dandamalin a tsayin ƙugu. Ka sa ɗamara, ka maƙala, ka sauka a hankali har nauyinka duka ya koma kanta, ƙafafu sun bar ƙasa. Za ka ji yadda maɗauri ke cizon cinya, yadda igiyar baya ke juya ka ka ba bishiya baya, yadda ɗamarar ke hawowa wajen kunnuwa in ba ta ɗauru ba. Ka lalubo likkafa da safar hannu, ka sa ƙafa, ka miƙe, ka juyo ka kama dandamali ka hau. Minti biyu ya isa, kada ka daɗe, kuma kada ka yi shi ba kowa a kusa. Yawancin waɗanda na sa suka yi wannan, suna sauka suke sake daidaita maɗauransu ba tare da na ce komai ba.

In kuma wani ne ya faɗo kuka same shi: wanda aka sauke daga rataya a kwantar da shi a shimfiɗe kamar kowane mai suma, tsohuwar maganar cewa a bar shi a zaune an bar ta. A kai shi asibiti ko ya ce ya warware, don doguwar rataya na iya taɓa ƙoda. Wanda ya faɗo har ƙasa kuwa kada a ɗaga shi, kada a cusa shi a mota, a rufe shi da riguna a jira masu agaji, sai in numfashinsa ne ke cikin haɗari.

Tsohon dandamalin da aka ba ka, kafin ka yarda da shi ka shimfiɗa shi a fili da rana. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da matakin suna cikin rigar roba, kuma a ciki suke yin tsatsa. In ka ga robar ta kumbura ko ta tsage, ko jan ruwa na fitowa a bakinta, a canza. Ka bi kusoshi da wuraren walda ɗaya bayan ɗaya. Maɗaurin da ke kama bishiya, in ya kwana a daji shekara guda, rana ta ci shi, kurege ya gwaguye shi, bishiya ta ƙara kauri ta ja shi, sabo za ka saya, kuma daga kamfanin da ya yi dandamalin. Ka sa sunansa da lambarsa a shafin CPSC, hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka, ka ga ko yana cikin waɗanda aka janye daga kasuwa. In irin wanda ake hawa bishiya da shi ba matakala ne, mai gida biyu, na zama da na taka ƙafa, ka tabbata igiyar da ke haɗa na sama da na ƙasa tana nan, don in na ƙasan ya suɓuce ba ita, a sama za a bar ka. Da irin wannan, maɗaurin bishiya kake turawa sama a kowane taku. In mai tsani ne, mutum uku ke kafa shi.

Bishiyar ma zaɓa ake yi: rayayyiya, miƙaƙƙiya, mai kauri, ba busasshen reshe a samanka. A Mishigan ka kula ƙwarai da irin itatuwan da ake kira ash da Turanci. Wani koren ƙwaro da aka fara ganowa kusa da Ditroit a 2002 ya kashe miliyoyinsu, da yawa suna nan tsaye a bushe, kuma a Nuwamba da ganye ya zube baƙo ba zai bambanta matacciya da rayayyiya ba. Ka sa wanda ya san dajin ya nuna maka. In filin gwamnati ne, doka ta hana matakan da ake murɗawa cikin jikin bishiya, kuma dole bayanan da ke nuna mai shi su kasance a jikin dandamalin. Matakalarka ta wuce dandamali da taku biyu, yadda za ka sauko kansa daga sama maimakon ka yi ta ɗage ƙafa kana jan jiki.

Bindiga ba ta hawa tare da kai. Ka cire harsashi, ka ɗaura ta a siririyar igiyar jan kaya bakinta na kallon ƙasa, ka hau hannu sake, kullum gaɓoɓi uku na riƙe da matakala, sai ka zauna ka maƙala sannan ka jawo ta. Wajen sauka ita ke fara sauka. Ka yi sallar asuba a gindin mota kafin ka hau, in azahar ta same ka a can ka sauko a maƙale ka yi a ƙasa, kada ka kwance igiya a sama don ka sami wurin ruku'u. In kana shan maganin hawan jini ko na sukari, ko ka kwana a wurin aiki, ranar ba ta hawa ba ce. Kafin ka fita ka tura wa iyali daidai inda bishiyar take a taswirar waya, da lokacin da in ba su ji ka ba za su nemi taimako.

In kuɗi bai kai duka ba, ga yadda zan jera maka: ɗamara mai likkafa da igiyar kugu, sai uwar igiya, sai sababbin maɗauran dandamali. Waɗannan uku ba a raba su. In 15 ga Nuwamba ta zo ɗaya bai samu ba, ko ba ka sami ranar gwaji ba, ka ce wa abokanka bana a ƙasa za ka zauna. Akwai 'yar rumfar kwanto ta yadi da ake kafawa a ƙasa, doka ta yarda da ita, kuma ana samun barewa daga cikinta kowace shekara. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.